NAZARI: Sha'awar karatu a makarantun Gombe, abin da sakamakon jarrabawa ba ya nunawa

A watan Nuwamban 2025 ne Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar a Abuja cewa Gwamnatin Tarayya ta soke tsarin koyar da ɗaliban firamare da harshen uwa, ta tsayar da Turanci a matsayin harshen koyarwa tun daga ajin rainon yara har zuwa jami'a. Tsarin da aka soke bai cika shekara uku ba, domin a ƙarshen Nuwamban 2022 Majalisar Zartarwa ta amince da shi, lokacin da Malam Adamu Adamu yake riƙe da ma'aikatar. Hujjar ministan ita ce yawan faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB a yankunan da ya ce sun rungumi harshen uwa fiye da kima.

Masu suka ba su ɓata lokaci ba wajen nuna cewa ɗalibin da ya zauna WAEC a 2025 ya bar firamare tun 2019, shekara uku kafin a haifi tsarin da ake ɗora wa laifin faɗuwarsa. Wasu kuma suka tuno gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda yaran da aka koyar da Yarbanci tsawon shekara shida suka yi wa takwarorinsu fintinkau. Abin lura a gardamar shi ne, da mai goyon baya da mai suka, kowa da maki yake kafa hujja. Maki kuwa iyawar yaro yake nunawa a ranar da aka gwada shi. Ba ya faɗin ko yaron zai sake buɗe littafi bayan an karɓi takardarsa, ko kuwa sallamarsu ke nan.

A unguwa irin Bagadaza da ke cikin birnin Gombe, wannan tambayar ta fi yadda ake ganin ta daga Abuja sarƙaƙiya. Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a ranar 1 ga Oktoba, 1996, garin yake cika yana batsewa da baƙi daga kudancin jihar da maƙwabta, sannan rikicin Boko Haram ya ƙaro iyalai daga Borno da Yobe. Yaron aji huɗu a irin wannan unguwa yana iya wayar gari da allo, ya yi hantsi da littafin Turanci, ya yi la'asar a Islamiyya da Larabci, ya koma gida inda ake magana da Fulatanci ko Teranci ko Tangale ko Barbarci, alhali duk wasan da ya yi a layi da Hausa ya yi shi. Abokinsa Kirista kuma ranar Lahadi yana jin ana karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda aka fitar da cikakkiyar fassararsa tun 1932. Karatun irin wannan yaro kala uku ne ko huɗu, kowanne da matsayinsa a zuciyarsa, kuma babu wata takardar sakamako da take rarrabe su.

Abin da aka riga aka auna

Awon iyawa dai an yi shi a Arewa, kuma abin da ya nuna mai tayar da hankali ne. Akwai gwajin da cibiyar RTI ta Amurka ta tsara a 2006, wanda aka fi sani da EGRA: a zaunar da yaro shi kaɗai, a ba shi haruffa da gaɓoɓi da ɗan gajeren labari, a ƙirga abin da ya karanta daidai cikin minti ɗaya, sannan a tambaye shi abin da ya fahimta. Da aka yi gwajin da Hausa a jihohin Bauchi da Sakkwato a 2011 da 2013, an tarar mafi yawan yaran ƙananan azuzuwa ba sa iya karanta ko kalma ɗaya. Daga baya aka samu littattafan Mu Karanta a waɗannan jihohi biyu, da shirin RANA a Katsina da Zamfara, Gombe da Adamawa kuma suka samu shirin SENSE wanda Jami'ar Amurka da ke Yola ta fara gudanarwa a 2019 da kuɗin hukumar USAID. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2021 ya nuna cewa kimanin kashi 27 cikin ɗari kaɗai na yaran Najeriya masu shekara 7 zuwa 14 ne suke da ginshiƙin iya karatu.

A nata ɓangaren, gwamnatin Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2019, kuma Gombe tana cikin jihohi 17 da suka ci gajiyar shirin BESDA na Bankin Duniya don mayar da yara makaranta. Azuzuwan da aka gina, yaran da aka yi wa rajista, malaman da aka horar, duka abubuwa ne da ake ƙirgawa a sa a rahoto. Ƙidayar makarantu ta shekara-shekara ma kujeru da banɗakuna da rufin kwano take bi. Babu gurbi a cikinta na yadda yaro yake ji idan an miƙa masa littafi.

Wani zai ce, ina amfanin zancen sha'awa ga yaron da bai iya haɗa baƙi ba? Wannan magana tana da rabonta na gaskiya, don ba a son abin da ba a ɗanɗana ba. Amma iyawa da sha'awa juna suke ciyarwa. Masanin halayyar ɗan Adam Keith Stanovich ya bayyana yadda abin yake a wata maƙala da ya wallafa a 1986: yaron da ya fara iyawa da wuri yakan ji daɗin karatu, jin daɗin ya sa ya yawaita shi, yawaitawar ta ƙara masa kalmomi da sauri. Wanda ya yi tuntuɓe tun farko kuwa sai ya riƙa kauce wa littafi, kaucewar ta ƙara masa rauni, har tazarar da ke tsakaninsu a aji biyu ta zama kwari a aji shida. Darasin awa ɗaya a aji ba ya samar da ƙwararren mai karatu. Dubban shafukan da yaro ya bi don kansa, ba tare da an tsaya a kansa ba, su ne suke samar da shi. Rahoton da ƙungiyar OECD ta fitar a 2002 daga gwajin ɗalibai 'yan shekara 15 ya ma nuna cewa ɗan talakan da ya shaƙu da karatu yana iya zarce ɗan mai hali wanda bai damu da shi ba.

Shi ya sa ƙasashen da suka ɗauki abin da muhimmanci suke bibiyar sa kamar yadda ake bibiyar farashin hatsi. A Birtaniya, gidauniyar National Literacy Trust tana tambayar yara tun 2005 ko suna jin daɗin karatu a lokacin hutunsu. A 2025 kusan ɗaya cikin uku ne kawai na masu shekara 8 zuwa 18 suka ce suna ji, adadi mafi ƙanƙanta tun da aka fara tambayar, har gwamnati ta ware 2026 a matsayin shekarar karatu ta ƙasa. Gwajin PIRLS na ƙasa da ƙasa, wanda ake yi wa 'yan aji huɗu duk bayan shekara biyar tun 2001, shi ma yana haɗawa da tambayoyi kan son karatu da amincewar yaro da kansa. Najeriya ba ta shiga cikinsa.

Masana sukan raba abin gida uku, kuma rabon yana da amfani ga malamin aji. Akwai kallon da yaro yake yi wa karatu, wato ko abin daɗi ne a wurinsa ko azaba. Akwai abin da yake jan hankalinsa, labarin ƙwallo ne ko na aljanu, tarihin Bubayero ko yadda injin babur yake aiki. Akwai kuma abin da yake tura shi, son sani ne ko tsoron bulala ko kwaɗayin zuwa na ɗaya. Yaro yana iya girmama karatu matuƙa amma bai taɓa cin karo da littafin da ya ja shi ba. Wani kuma yana kwana a kan takarda daren jarrabawa alhali ya tsane ta. Maganin na farko daban, na biyu daban.

Ma'aunin aro

Ma'aunin da ya fi shahara a wannan fanni shi ne wanda Michael McKenna da Dennis Kear suka wallafa a Amurka a 1990. Tambayoyi 20 ne, goma kan karatun nishaɗi, goma kan karatun aji. A ƙarƙashin kowace tambaya akwai hoton kyanwar nan ta zane mai suna Garfield har guda huɗu, daga mai washe baki zuwa mai murtuke fuska, yaro ya zagaye wanda ya dace da yadda yake ji. Da aka gwada shi a kan yara fiye da 18,000, sakamakon da aka fitar a 1995 ya nuna cewa son karatu yana raguwa daga aji ɗaya zuwa aji shida, raguwar ta fi tsanani ga masu rauni, kuma 'yan mata sun fi maza nuna ƙauna gare shi.

Abu mafi sauƙi ga duk wata hukuma a Gombe shi ne ta ɗauko wannan takarda, ta sa a fassara, a buga, a raba. Nan kuwa za a fara yaudarar kai, kuma yaudarar za ta faro ne daga kalmar karatu ita kanta.

A Turanci, kalmar bin rubutu da ido daban take da kalmar neman ilimi. A Hausa kalma ɗaya ce take ɗauke da su duka. An tura wane karatu Zariya, wance ta yi karatu mai zurfi, almajiri yana biya karatunsa, ɗan kirki shi ne mai son karatu. Idan aka tambayi yaron Bagadaza ko yana son karatu, abin da kunnensa ya ji shi ne ko yana son ya zama mutumin arziki. Tun yana ƙarami ake gaya masa cewa umarnin farko da aka saukar wa Manzon Allah (SAW) umarni ne na karatu. Wane yaro ne zai zagaye fuskar da ta murtuke? Za a tattara takardu a samu kusan kowa yana son karatu, a rubuta rahoto mai daɗi, alhali tarbiyya aka auna.

Sai kunya da tsoro. Yaron da aka rene shi a kan kada ya kalli babba ido cikin ido ba zai gaya wa malaminsa cewa darasinsa yana gundurar sa ba, balle malamin yana tsaye da bulala a hannu. A ajin da yara uku ko huɗu suke matse a kan benci ɗaya, duk wata takarda da aka raba jarrabawa ce a wurinsu, kuma amsar da mai ƙoƙarin benci ya zagaye ita sauran za su kwafa. Tambayoyin ma kansu na wata duniyar ne. Ana tambayar yaro yadda yake ji idan ya je kantin littattafai, ko idan an ba shi littafi kyauta, ko idan ya zauna da littafi ranar Asabar ana ruwan sama. Yaro da yawa a unguwannin Gombe bai taɓa mallakar littafin da ba na darasi ba, Asabar ɗinsa kuma ta Islamiyya ce ko ta talla, da damina kuwa ta gona. Amsarsa hasashe ce a kan abin da bai taɓa gani ba.

Ba wai ba a taɓa raba irin waɗannan takardu a nan ba. Duk shekara ɗaliban kwalejojin ilimi da jami'o'i suna rubuta kundin kammala karatu a kan ɗabi'ar karatun ɗalibai, su shiga makarantu biyu ko uku da takardar tambayoyi ta Turanci mai zaɓin “na yarda ƙwarai” zuwa “ban yarda ba sam”. Kusan kullum ƙarshen zancen guda ne: ɗalibai suna da kyakkyawan ra'ayi game da karatu, amma rashin laburare da wayar hannu sun hana su. Daga nan a ɗaure kundin da baƙin bango a ajiye a kanta.

Karatun da ake ɓoyewa

Akwai kuma wata matsala da ta fi waɗannan zurfi, wato karatun da yara suka fi so shi ne wanda suka koyi ɓoyewa. Tun daga shekarun 1980 da 1990, lokacin da marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Ahmed Funtuwa da Ado Ahmad Gidan Dabino suka cika kasuwa da littattafan Hausa, 'yan matan sakandare a faɗin Arewa suke karɓar hayar littafi a shago, su cusa shi cikin littafin darasi, su karanta a ƙarƙashin tebur, ya zaga ɗakin kwana har bangonsa ya yage. Babu shirin gwamnati ko na ƙungiyar agaji da ya taɓa tayar da ƙishirwar karatu irin wannan. Martanin hukuma kuwa yawanci kwacewa ne da horo. A Kano ma a 2007, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, an cinna wa tarin irin waɗannan littattafai wuta a bainar jama'a.

Damuwar iyaye da malamai tana da tushe, domin a cikin abin da ake rubutawa, musamman yanzu da ya koma waya, akwai wanda bai dace da yaro ba ko kaɗan. Sai dai sakamakon shi ne, yarinyar da ta cinye littattafai talatin a shekara, idan baƙo ya zo da takarda ya tambaye ta nawa ta karanta, za ta ce ba ta karanta komai ba sai na makaranta. Ita kanta ba ta ɗaukar wancan a matsayin karatu. A yau labaran suna yawo babi-babi a WhatsApp da Wattpad da ArewaBooks, ana biyan marubuciya ta banki kafin a shiga zauren da take sakin ci gaban labari, waɗanda ba su iya bin rubutu ba kuma suna sauraron ana karanta musu a YouTube. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta nuna yawan matan da suka tashi daga masu karatu suka zama marubuta. Duk ma'aunin da ya lissafa waya a matsayin abokiyar gabar karatu kawai, ya bar wannan kaso a waje. Ya kuma bar wata tambaya mai nauyi, wato ina yaran maza suke a wannan kasuwa, kuma me aka rubuta domin su?

Ɗaya wurin da himma take a fili shi ne karatun Alƙur'ani. Musabaƙar ƙasa da Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo take shiryawa tun 1986 tana da rassa har matakin ƙaramar hukuma, kuma a 2024 wata ɗalibar Jami'ar Jihar Gombe, Hajara Ibrahim Ɗan'azumi, ta zo ta ɗaya a gasar mata ta duniya a ƙasar Jodan. Tilawa da hadda dabam suke da karanta sabon rubutu don fahimta, bai kamata a cakuɗa su ba. Amma mai neman sanin abin da yake zaburar da yaro yana da darasi a nan. Akwai matakai da yaro yake gani da idonsa, daga izu biyu har izu sittin. Akwai malamin da yake sauraron sa kullum. Akwai jama'ar da take taruwa don ta ji shi, da walimar sauka da dangi suke halarta. Karatun boko a firamaren gwamnati ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai maimaita abin da aka rubuta a allon bango da murya ɗaya.

Awon da zai faɗi gaskiya

Tunda baki yana iya faɗin abin da ake so a ji, sai a koma ga abin da hannu yake yi. Stanovich da abokiyar aikinsa Anne Cunningham sun fito da wata dabara a 1990 saboda irin wannan matsala: a jera wa yaro sunayen littattafai, na gaske gauraye da na ƙirƙira, a gaya masa cewa akwai na bogi a ciki, ya nuna waɗanda ya sani. Wanda ya yi cika baki zai faɗa tarko, wanda yake mu'amala da littafi kuwa zai bayyana ba tare da an tambaye shi ra'ayinsa ba. Yin irinsa da Hausa yana bukatar hattara, don yaro yana iya sanin sunan Magana Jari Ce ko Ruwan Bagaja ko Iliya Ɗan Maiƙarfi daga bakin yayyensa ko daga talabijin ba tare da ya taɓa riƙe su ba. Malaman da suka san abin da yake yawo a hannun yaran garin ne za su iya tsara jerin, kuma sai an riƙa sabunta shi.

Wanda ya fi wannan sauƙi shi ne akwatin littattafai da littafin rajista. A ajiye akwati a aji, a zuba masa labarai da littattafan sanin duniya masu matakin wahala daban-daban, a ware minti ashirin sau biyu a mako da babu darasi kuma babu maki, a bar yaro ya ɗauka ko ya ƙi. Malami ya rubuta wa ya ɗauki me, wa ya nemi tafiya da shi gida, wa ya dawo neman na biyu. A ƙarshen zango, littafin da ya fi tsufa da yagewa ya ba da amsar da takardar tambayoyi ba za ta bayar ba. Idan kuma aka sa labari ɗaya da Hausa da Turanci, har da Fulatanci inda ya samu, to an gwada gardamar Abuja a cikin aji, da hannun yaran da ake gardamar a kansu. Littattafan ma ba sai an jira kwangila ba, domin shafin African Storybook yana da labaran yara na Hausa da aka yarda kowa ya sauke ya buga kyauta.

Sai hira. Ma'aunin da Linda Gambrell da abokan aikinta suka fitar a 1996 ya haɗa takardar tambayoyi da tattaunawa ta baki, kuma a nan tattaunawar ce mai amfani. A kauce wa kalmar karatu, a tambayi yarinya wane labari ne ya fi burge ta kwanan nan, a ina ta same shi, wa ya karanta mata, a takarda ne ko a waya, da wane harshe. Mai tambayar kada ya zama malaminta. Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Gombe da Jami'ar Jihar Gombe da ta Tarayya da ke Kashere duk suna tura ɗalibai koyon aikin koyarwa a makarantu kowace shekara, kuma ɗalibar da ta girme ta da 'yan shekaru ta fi kusa da a gaya mata gaskiya fiye da jami'in da ya sauko daga motar ofis. Abin da aka tattara a rarrabe shi ta aji, da jinsi, da harshen gida, a kuma ajiye shi gefe da gefe da gwajin iyawa na minti ɗaya. A nan ne za a gane yaron da yake so bai iya ba, da wanda ya iya ba ya so.

Haɗarin da ke tattare da wannan aiki sananne ne ga duk wanda ya san yadda ake tarbar masu duba makarantu. Ranar da aka ce za a jera makarantu daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe da wannan sakamako, ko a ɗaura shi da ƙarin girman shugaban makaranta, ranar rajistar aro za ta cika da sunayen yaran da ba su taɓa akwatin ba. Awon na malamin aji ne da Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jiha, don su san irin littafin da za a saya da yaron da za a zauna da shi. Haka nan batun kyauta. Wani gwaji da Gambrell ta yi da Barbara Marinak a kan 'yan aji uku, wanda aka wallafa a 2008, ya nuna cewa yaran da aka ba littafi a matsayin lada, da waɗanda ba a ba komai ba, sun fi komawa ga karatu da kansu fiye da waɗanda aka ba ƙananan kayan kyauta. Wannan abin dubawa ne ga masu shirya gasar kacici-kacici da rabon kofi da ambulan.

Najeriya ba ta rasa gangamin karatu ba. Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa yana nasa tun 1981, Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar da na dawo da littafi a Disamban 2010. Nasarar irin waɗannan da yawan mahalarta taro da jawabai ake auna ta. Abin mamaki, hukumar da ta fi fahimtar matsalar ita ce ta zamanin mulkin mallaka. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ya lura cewa waɗanda suka koyi boko ba su da abin karantawa don nishaɗi, sai ya zaga garuruwa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai. Gasar ce ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, littattafan da har yau ake bugawa bayan shekara casa'in.

Lokaci kuma ba ya jira. Hukumar USAID, wadda ta ɗauki nauyin yawancin gwaje-gwajen karatun Hausa a Arewa, gwamnatin Amurka ta dakatar da ayyukanta a farkon 2025, ta rufe ta a watan Yulin shekarar. Wanda zai auna yaran Gombe yanzu sai Gombe, kuma tsarin mulki ya bar tafiyar da firamare a hannun jihohi da ƙananan hukumomi, don haka babu mai hana ta. Yaran Bagadaza da za su shiga aji ɗaya a Satumban 2026 su ne sahun farko da za su fara makaranta gaba ɗaya a ƙarƙashin sabon umarnin Turanci. Idan ba a ɗauki awon yayyensu da ke aji uku da huɗu a yanzu ba, babu abin da za a kwatanta su da shi idan sun kai can. Idan kuwa sakamakon WAEC za a jira ya yanke hukunci, kamar yadda ministan ya yi, to waɗannan yara sai a 2038 za su zauna ta.